Ranar da Aka Rufe wa Miss Eula Ido

Duk wanda aka haifa a tsibirin Bellamy ya san yadda ake haye mashigar teku tun kafin ya iya ɗaura igiyar takalminsa. In ka taso daga tsallake, sai ka kafa ido a kan hasumiyar coci, ka riƙa juya jirgi har ta hau daidai kan tsohuwar bishiyar da ke bayanta, wadda kowa ke kira Kaka. Muddin hasumiya na kan Kaka, kana cikin ruwa mai zurfi. Ta goce hagu ko dama, to kai ma ka goce, kuma yashi na jiranka a kowane gefe, igiyar ruwa na fashewa a kansa.

Yanzu ba mai bin wannan hanyar. Babban jirgin fito yana yin zagaye ta sabuwar hanya, wadda ake kwashe wa yashi kowace shekara. Tsohuwar kuwa sai Ranar Haye, ranar tunawa da Eula Bellamy, matar da ta fara ratsa mashigar bayan guguwar da ta tsaga ƙasa ta yanke tsibirin a zamanin kakannin kakanni. Ita kaɗai ta tuƙa kwalekwale ta je ta ɗauko wa ƙanwarta ungozoma. A ranar ake fito da tsohon jirgin wasiƙu mai sunanta, Miss Eula, a je tsallake a cika shi da baƙi. Matan coci su kawo bargon da suka ɗinka da hannu su lulluɓe na'urorin jirgin duka, da mai nuna hanya da mai auna zurfi, matuƙi ya shigo da idonsa kawai. Kuma wanda aka zaɓa ba ya gwada hanyar kafin ranar. Abin kunya ne babba.

Bana Hollis Fulcher aka zaɓa. Ya jira wannan rana har kansa ya yi fari.

'Yarsa Nadine ce kaɗai a tsibirin ba ta taya shi murna ba. Ta yi karatun ƙasa da ruwa a jami'a, ta dawo gida tana aiki da masu auna yadda yashi ke tafiya a gaɓar teku, abin da ya sa rabin garin ke gaishe ta da gefen baki. Abin da ya hana ta murna kuwa kowa ya gan shi da idonsa. Guguwar bara ta cika coci da ruwa har saman kujeru, aka ɗaga ginin ɗungurungum, aka ja shi baya, aka ɗora kan ginshiƙai. Delmer Tolson, shugaban kwamitin biki kuma mai masaukin baƙi mafi girma a tsibirin, shi ya jagoranci aikin. Shi ya tsaya gaban jama'a ya ce an ja cocin a miƙe, a kan layinsa na da, saboda haka alamar haye ba ta taɓu ba. Aka tafa, aka ci kifi, aka watse.

To amma a miƙe bayan cocin kaburbura ne. Ba a ɗora gini a kan kowa ba. Ke nan an karkata.

Nadine ta faɗa wa mahaifinta ranar Talata da rana, suna cin jatan lande da wainar masara. Ta jawo kwalbar gishiri da ta barkono ta jera su.

"Baba, dubi nan. Wannan hasumiya, wannan Kaka. Kusa suke da juna. In na matsar da gishiri kaɗan haka..." ta tura shi da ɗan yatsa, "ina layin ya nufa yanzu? Ga shi can ya bar ƙofa, ya koma kan firij. A tebur ke nan fa. A ruwa, daga tsallake, ka san abin da zai zama."

"Miƙo min hasumiyar, abincin bai ji gishiri ba."

"Baba, da gaske nake."

"Ni kuma wasa nake, ko? Ke kike koya min layi? Kafin a haifi uwarki nake shiga ruwan nan." Ya barbaɗa gishiri. "Delmer ya ce ya auna."

"Ka gan shi yana aunawa?"

"Ba na bin mutum in leƙa aikinsa. Tare muka koyi iyo da Delmer. In ya ce min ruwa ya kai wuya, ba na sa ƙafa in gwada."

Wannan ita ce cutar Bellamy, kuma Nadine ta tsane ta tun tana yarinya. A tsibirin nan za ka iya zagin mutum a kan karensa, ko shingensa, ko yadda matarsa ke soya kaguwa, gobe ku sha kofi tare. Amma ka ce maganarsa a kan ruwa ba daidai ba ce, ka yi masa tsirara ke nan. Saboda haka kowa ya koyi gani ya kau da kai, su kuma suna kiran wannan ladabi.

"Na je na duba," ta ce.

Cokalin Hollis ya tsaya a hanya.

"Jiya, da ruwa ya janye. Na ɗauki ƙaramin kwalekwale, na ɗora hasumiya a kan Kaka, na taho. Kusa da haƙarƙarin tsohon jirgin nan da ya nutse kwalekwalen ya zauna. Na fita na tsaya, Baba. Ruwa iya gwiwata. Tsohuwar hanyar tana can hannun dama, lafiyarta lau, layin ne ya bar ta."

"Wa ya gan ki?"

Abin da ya fara tambaya ke nan, wa ya gan ta. Bai tambayi iya ina yashin ya kai ba.

"Ban sani ba. Ina ruwana?"

"Da ruwana ni! Za a ce Hollis ya tura 'yarsa ta leƙo masa hanya, ya ji tsoro." Ya ture faranti. "Ke da kika je ruwa a janye yake. Ranar Asabar a cike zai kasance. Kuma yashi tafiya yake, yau nan gobe can, ke ma a kansa ake biyan ki."

"Ko ya cika bai isa ya ɗauki Miss Eula da mutane a cikinta ba. To ka ɗan riƙe dama mana, ba sai ka gaya wa kowa ba."

"Duk tsibiri na tsaye a gaɓa da madubin hangen nesa, in shigo hasumiya na gefe guda Kaka na gefe guda? Gara in zauna a gida." Ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Za ki riƙe min igiya ranar, kamar yadda 'ya'yan matuƙa ke yi, ko in nemi ɗan wani?"

"Zan riƙe."

Washegari ta sami Delmer a barandar masaukinsa yana rataye ƙananan tutoci. Dogon mutum ne mai laushin murya, irin wanda ke tuna sunan jikan kowa.

"A'a, malamar yashi! Hawo, hawo. Imogene, kawo wa 'yar Hollis shayi mai ƙanƙara."

"Na gode, Kawu Delmer, ba zama zan yi ba. Tambaya ɗaya ce. Da kuka ja coci, da me kuka auna layin?"

"Da ido, 'yata, da idon da Allah ya ba mu. Ko shi ma sai an je jami'a?" Ya yi dariya, amma hannunsa ya daina ɗaura tutar.

"Kaburbura fa? Ta ina kuka bi da su?"

"Mun ɗan kauce musu. Ɗan kaɗan. Abin da ko kyanwa ba za ta lura ba."

"A taro ba haka ka ce ba. Ka ce a miƙe."

Ya sauko daga kan kujerar da ya taka, ya matso, ya rage murya kamar mai ba ta shawarar aure.

"Bari in tambaye ki nawa. Mutanen da kike wa aiki, ba su ne ke son a yi gada a kashe jirgin fito ba? Ranar Asabar wani babba daga cikinsu zai hau Miss Eula, mu muka gayyato shi ya ga abin da za a rasa. Sai kuma ga ki, ana sauran kwanaki kaɗan, kina yawo kina cewa hanyar kakanninmu ta mutu. Ni ban ce an aiko ki ba. Amma mutane na magana."

"Ban ce ta mutu ba. Cewa na yi ku kuka kautar da alamarta. Ka sanar kawai, a kafa sanda a inda hasumiyar take a da, shi ke nan."

"In tsaya gaban gari in ce na yi ƙarya a cikin coci?" Murmushin ya dawo. "Gaishe min da Hollis. Ki ce kar ya manta farar rigarsa."

Ta sauko daga barandar. Abin da ta kasa ganewa shi ne, ya san girman abin ko bai sani ba? Wataƙila ya yarda da ƙaryarsa, kamar yadda mutum ke yi in ya maimaita ta sau da yawa. Wataƙila kuma ya lissafa cewa ruwa zai cika ya rufa masa asiri. Ta je wa fasto, ya ce zai sa abin a addu'a. Ta yi wa masunta biyu magana a tashar jirgi, ɗaya ya ce injinsa na kiransa, ɗayan ya tambaye ta ko gadar za ta bi ta kan gidansa. A shago, mata suka yi shiru da ta shigo, suka ci gaba da ta fita. Kafin Juma'a labari ya gama gari cewa an yi mata alkawarin babban ofis a birni.

Asabar ta waye da rana mai kyau da iska daga arewa maso gabas. An yi wa Miss Eula sabon fenti, fari da kore. Hollis na tsaye a bayan sitiyari cikin farar riga mai guga, ya yi aski, sai ya koma mata kamar a hoton aurensa. Nadine na kwance igiyar goshi sai ta hango Delmer a kan tasha, hannu cikin aljihu.

Tun tana ƙarama ba a taɓa Ranar Haye ba Delmer a cikin jirgi ba. Shi ke riƙe lasifika yana ba baƙi tarihi, matarsa Imogene da jikokinsu a kujerar gaba, sun ɗaura ƙyallaye iri ɗaya a wuya.

"Delmer, shigo mana, ko sai an shimfiɗa maka darduma?" Hollis ya ɗaga murya.

"Ku je, ku je! Yau fasto zai yi bayani. Masu gasa kifi sun rikice min, sai na tsaya a kansu."

"Imogene da yaran fa?"

"Ƙaramar ce cikinta ya ɓaci. Sai zagaye na biyu, da yamma."

Nadine ta waiga. Ƙaramar na can bayan rumfar masu kiɗa, tana tsalle da alewar auduga a hannu, bakinta duk ya yi ja. Imogene ta haɗa ido da Nadine, ta yi sauri ta sunkuya tana gyara wa yarinyar takalmin da ba abin da ya same shi.

Ta dubi mahaifinta ko ya gani. Yana duban gaba.

Suka bi sabuwar hanya zuwa tsallake. Can baƙi suka shigo, jirgi ya cika maƙil: tsofaffi masu faffaɗan huluna, ma'aurata da jariri a goye a ƙirji, wani mai ƙaton ciki da kyamara, da babban baƙon nan daga birni cikin takalmin da bai san ruwan gishiri ba. Mata biyu na coci suka warware bargon suka lulluɓe na'urori, suka soke gefensa, aka tafa. Hollis ya juya goshin jirgi, ya nemo hasumiya can nesa kamar tsinke, ya ɗora ta a kan Kaka.

Fasto ya gyara murya a lasifika. Ya nuna musu tsohon gidan fitila da teku ta cinye rabinsa. Ya nuna tsibirin kwasakwasa, tsuntsayen na jere kamar dattawa a zaman makoki. Ya nuna ƙananan dawakan da ke kiwo a tudu, ya ce kakanninsu iyo suka yi daga wani jirgi da ya fashe, aka yi ta ɗaukar hoto. Ya shiga labarin Eula, yadda tafin hannunta ya sale, yadda ungozomar ta yi ta kuka tana roƙon a mai da ita.

Nadine ba ta jin ko ɗaya. Tana goshin jirgi tana kallon ruwa. Daga kore mai duhu ya fara komawa kalar shayi da madara. Can gaba, kusa da baƙaƙen haƙarƙarin jirgin da ya nutse, igiyar ruwa na ɗan tashi tana farin baki, a daidai inda goshinsu ya nufa. Iskar ta hana ruwa cika yadda aka zata. Ta san abin da zai biyo baya in suka hau: jirgin zai tsaya cak, igiya ta juya shi a kaikaice, ta biyu ta kwantar da shi. Ta dubi jaririn.

Ta ratsa mutane ta isa wurin sitiyari.

"Baba, dubi launin ruwan."

"Koma kan igiyarki."

"Baba, ka ga jikar Delmer da idonka. Lafiyarta ƙalau."

Gumi ya jiƙa wuyan farar rigar. Idonsa na kan hasumiya, bai ko ƙifta ba, kuma ta gane cewa ya ga ruwan, ya ga yarinyar, ya ga komai. Hannunsa ne ya ƙi. Juyawa yanzu na nufin ya ce abokinsa maƙaryaci ne a gaban gari duka, ba tare da wata hujja ba sai launin ruwa da maganar 'yar da ake zargi.

To, hujja yake so. Ta kama gefen bargon ta fizge.

Ɗaya daga matan cocin ta yi ƙara kamar an mare ta. Fasto ya tsaya a tsakiyar kalma. Na'urar auna zurfi, da ma a kunne take a ƙarƙashi, tana ta walƙiya da ja, lambar na raguwa ana kallo.

"Ke!" Hollis ya daka mata tsawa. Amma idonsa ya riga ya sauka a kan lambar.

Ya ja inji baya, ya murɗa sitiyari dama da dukan ƙarfinsa. Miss Eula ta yi nishi ta karkata. Huluna suka tashi, mai kyamara ya zauna a cinyar wata tsohuwa. Sai aka ji shi daga ƙasa, wani dogon gurzawa da ya ratsa tafin ƙafar kowa, jirgin ya yi kamar zai tsaya. Igiya ta daki gefensa ta watsa wa na kujerar hagu ruwa. Nadine ta riƙe ƙarfe tana jin injin na kuka. Wata igiyar ta zo ta ɗaga bayansa, ya ja ciki, ya ja, sai ya sulale. Ruwan da ke ƙarƙashinsu ya koma kore.

Sai mai ƙaton cikin ya ce, "Kai! Haka ita ma Eula ta ji, ko?" Baƙi suka fashe da dariya da tafi. Sun ɗauka cikin shirin ne. Uwar jaririn ce kaɗai ba ta tafa ba.

Hollis ya shigo da jirgin a hankali, hasumiya a gefe guda, Kaka a gefe guda, rata a tsakaninsu da kowa a gaɓa zai iya gani ba tare da madubi ba. Matan cocin na naɗe bargonsu, suna kakkaɓe shi kamar ya faɗa a kwata, ɗaya na ce wa ɗayar, da ƙarfin da za a ji, tun zamanin uwarta ba a taɓa yin wannan rashin kunya ba.

A tasha ba a yi kiɗan da aka saba ba. Mutanen gari na tsaye cirko-cirko. Nadine ta jefa igiya, ba wanda ya miƙa hannu, igiyar ta faɗa ruwa. Ta jawo ta, ta tsallaka da kanta ta ɗaure. Baƙi suka sauka suna ta santi, suka nufi rumfar kifi. Wasu kuma sun riga sun yi layi don zagaye na biyu.

Delmer ya taho da sauri, fuska a sake, yana magana tun daga nesa don kowa ya ji.

"Iska ce, jama'a, iskar nan ce ta hana ruwa cika! Hollis, sannu da ƙoƙari. Da yamma ruwa zai fi haka. Sai dai a samo maka wani mai riƙe igiya, wanda hannunsa ba ya ƙaiƙayi."

Wasu suka yi 'yar dariya. Hollis ya kashe inji. Ya zare makullin, ya sauko a hankali, ya tsaya gaban abokinsa.

"Da yamma za ka hau?"

"To, ka san masu gasa kifin nan..."

"Za ka hau, Delmer? Kai da Imogene da yaran, a kujerar gaba, bargo a rufe, ni kuma in ɗora hasumiya a kan Kaka in taho a miƙe?"

Delmer ya buɗe baki. Ya dubi masu layi, ya dubi masunta, ya dubi ruwa. Bai ce komai ba, kuma a Bellamy kowa ya iya jin irin wannan shirun.

Hollis ya juya ga masu jira. Muryarsa ta kai har ƙarshen layi.

"Ku yi haƙuri, jama'a. Babu zagaye na biyu. Alamarmu ta goce, jirgin nan ba zai sake bin ta ba sai an gyara."

Aka fara gunaguni. Wani daga baya ya ce wannan aikin 'yan gada ne, wata ta ce a kai masa kujera ya zauna, rana ce ta buge shi. Hollis bai tsaya ji ba. Ya bi ta gefen Nadine, ya ɗan tsaya, bai dube ta ba.

"Igiyar baya ba ta ɗauru da kyau ba," ya ce. "Gyara ta, ki same ni a gida."